Gwanayen Murɗa Ƙwallo da Gadon Kyaftin: Waiwaye Kan Wasan Kurket Daga Katsina Zuwa Kalkata

Gabatarwa

Idan aka ambaci wasan kurket a gaban matasan ƙasar Hausa a yau, galibinsu sai su ɗauka zancen wani abin Indiyawa ake yi, irin wanda sukan hango jifa-jifa a cikin finafinai, ko kuwa ɗan guntun labarin da akan saƙala a ƙarshen shirin wasanni na rediyo. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa mutanen da suka karɓi mulkin Jihar Arewa daga hannun Turawa sun buga wannan wasa tun suna samari a filin Kwalejin Katsina. Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi wannan tarihi, sa'an nan ta shiga wata muhawara da ta daɗe tana kai-komo tsakanin masana wasan, watau wane ne gwanin gwanaye a cikin majefan da suke murɗa ƙwallo. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, lissafi kaɗai ba ya raba wannan gardama, domin kowane ɗaya daga cikin gwanayen nan ya tashi ne a inuwar wani kyaftin da ya yarda ya jure hasara saboda shi. Daga nan za a dubi rayuwar ɗaya daga cikin irin waɗannan shugabanni, Mansur Ali Khan, Nawab na Pataudi, a ga gadon da ya bari da kuma abin da gadon yake faɗa mana.

Kurket a Kwalejin Katsina

Turawan Ingila ba su taɓa ɗaukar kurket abin motsa jini kurum ba. A manyan makarantunsu na kwana sun mai da shi hanyar horar da waɗanda za su yi mulki, inda yaro zai koyi jira, ya koyi karɓar hukuncin alƙali ko da bai gamsu ba, ya kuma saba da sa ƙungiya gaba da kansa. Da suka mallaki Indiya sai suka kafa wa 'ya'yan sarakunan ƙasar kwalejoji na musamman, kamar ta Rajkot da aka buɗe a 1870 da ta Ajmer a 1875, suka cusa wasan a cikin tsarinsu. A Rajkot ne wani ɗan sarauta mai suna Ranjitsinhji ya koyi kurket, har ya kai ga buga wa Ingila kanta a 1896. Gwamna Lugga, wanda ya shimfiɗa mulkin Turawa a ƙasar Hausa ta hannun sarakuna, shi ma a Madaras ta Indiya aka haife shi a 1858. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da tsarin da aka gwada a Indiya ya biyo Turawa zuwa nan.

A watan Maris na 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malaman da za su koyar a lardunan Arewa. Daga cikin waɗanda suka ratsa ta akwai Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, da Kashim Ibrahim na Barno, da Aliyu Makaman Bida. Wasanni suna cikin ginshiƙan tarbiyyar makarantar, musamman kurket da fayibs, watau ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu. Ahmadu Bello ya yi kurket, amma a fayibs ya fi yin fice, har ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar kwalejin, kuma bai rabu da wasan ba ko bayan da ya zama Sardaunan Sakkwato da Firimiyan Jihar Arewa. An mai da kwalejin Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, inda ta ɗauki sunan Barewa a 1971.

Wasanni uku ne na manya Turawa suka shigo da su ƙasar Katsina a wancan zamani, amma makomarsu ta sha bamban. Ƙwallon dawaki ya tarar da al'adar hawa da kilisa tana jiransa, Sarki Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da aka san shi har ƙasashen waje. Fayibs ba ya bukatar komai sai bango da ɗan ƙwallo, ga shi kuma Sardauna ya tsaya masa, shi ya sa har yanzu ake gasar kofin da ke ɗauke da sunansa. Kurket kuwa yana bukatar fili da aka daɓe aka kula da shi, da katakon bugu da kayan kare jiki waɗanda sai an sayo daga waje, da mutum 22 da za su ba da yini guda cur. Da malaman Turawa suka koma gida, sai wasan ya yi ta ja da baya a makarantun Arewa, har ya zama tamkar ba a taɓa yin sa ba. Domin a gane abin da ya salwanta tare da shi, tilas a ɗan bayyana yadda ake yin sa.

Majefi da Kyaftin

Ƙungiyoyi biyu ne suke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani tsiri na ƙasa da aka daɓe, tsawonsa yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshe. Majefi yana jefo ƙwallo daga wannan ƙarshe, ya daki ƙasa ya tashi, mabugi kuma yana tsaye a ɗaya ƙarshen da katako a hannu, yana kare turakunsa yana neman maki. Ana fitar da mabugi idan ƙwallon ya kaɓe turakun, ko ya buga shi sama wani ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, ko ya tare shi da ƙafa a gaban turaku. Jifa shida su ne zubi ɗaya. Babban wasan ƙasa da ƙasa, wanda ake kira Tes, yakan ɗauki kwana biyar, kuma an fara shi ne a birnin Melbon a 1877 tsakanin Ostareliya da Ingila.

Majefa iri biyu ne. Akwai masu ƙarfi, waɗanda ƙwallonsu yakan wuce gudun kilomita 140 a sa'a, makaminsu shi ne razanarwa. Akwai kuma masu murɗe, waɗanda jifansu yakan tsaya wajen kilomita 80 zuwa 90. Mai murɗe yana murza ƙwallon ne da yatsu ko da wuyan hannu, kamar yadda yaro yake murza katantanwa, ta yadda in ya daki ƙasa sai ya kauce dama ko hagu, mabugi ya kai duka inda babu komai. Aikinsa ya fi ci a busasshiyar ƙasa mai ƙura, musamman a kwana na huɗu da na biyar lokacin da daɓen ya fara dararrashewa, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Sai dai wannan sana'a tana da haɗari. Ƙwallon da ya zo a hankali yana da daɗin duka, gwanin mabugi yana iya tsallakar da shi bayan fili sau biyu ko uku a zubi ɗaya. Mai murɗe kamar mai fatsa yake, sai ya yi hasarar tana kafin ya kama kifi. Yakan sakar wa mabugi maki da gangan har ya saki jiki, sa'an nan ya jefo masa wanda zai kā da shi. To, a kurket kyaftin ne, daga cikin fili, yake yanke wanda zai yi jifa da lokacin da za a karɓe ƙwallo daga hannunsa, shi ne kuma yake jera masu tsaron fili. Idan kyaftin mai gajen haƙuri ne, da an daki majefinsa sau biyu sai ya sauke shi, tarkon da aka ɗana ya tashi a banza. Wannan shi ya sa ba a iya ba da tarihin mai murɗe ba tare da an ambaci wanda ya riƙa miƙa masa ƙwallo ba.

Gardamar Gwanaye Uku

Mutum uku ne suke kan gaba idan ana lissafin masu murɗe a wasannin Tes. Muttiah Muralitharan na Siri Lanka ya fitar da mabuga 800 a wasanni 133 tsakanin 1992 da 2010, kuma na 800 ɗin shi ne mutum na ƙarshe da ya rage a wasansa na ban kwana a garin Galle. Shane Warne na Ostareliya ya fitar da 708 a wasanni 145 daga 1992 zuwa 2007. Anil Kumble na Indiya ya fitar da 619 a wasanni 132. Idan aka duba makin da kowanne ya bayar kafin ya fitar da mutum ɗaya, Muralitharan ya ba da 22.72, Warne 25.41, Kumble kuwa 29.65. Wanda ya tsaya a nan sai ya ce gardama ta ƙare.

Magoya bayan Warne ba su yarda ba. Suna cewa 176 daga cikin mutanen Muralitharan 'yan Bangaladash ne da Zimbabuwe, ƙasashen da ba su da ƙarfi a lokacin, alhali 17 kacal Warne ya samu daga waɗannan biyu. Bugu da ƙari, 493 daga cikin 800 ɗin a gida aka same su, a busassun filayen Siri Lanka, shi kuwa Warne ya taso ne a filayen Ostareliya masu tauri waɗanda suka fi taimakon masu ƙarfi. Sukan ƙara da cewa murɗen wuyan hannu, wanda ya fi kowane jifa wuyar sarrafawa, ya kusa bacewa daga Ingila da Ostareliya kafin Warne ya farfaɗo da shi. Jifansa na farko a wasan Tes a ƙasar Ingila, ran 4 ga Yuni 1993 a Mancesta, ya sauka a bayan ƙafar Mike Gatting ya karkato ya kaɓe turken da ke can ɗaya gefen, har aka yi masa laƙabi da jifan ƙarni.

Magoya bayan Muralitharan su ma suna da tasu hujja. Warne ya yi wasa ne a cikin ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a zamaninta, ga Glenn McGrath, wanda ya fitar da mutum 563, yana rusa masa na gaba, ga mabuga suna tara masa makin da zai yi ciniki da shi. Muralitharan kuwa shi ne gatarin ƙungiyarsa shi ne kuma laujenta, in ban da taimakon Chaminda Vaas. A Landan a 1998 ya fitar da mutum 16 a wasa ɗaya, Siri Lanka ta ci Ingila a gidanta. Abin lura shi ne, dukansu biyu sun sha kashi a ƙasar Indiya, inda kowannensu ya riƙa ba da maki fiye da 40 kafin ya fitar da mutum guda. Gaba da gabanta ke nan.

Kumble ba ya murɗa ƙwallo sosai kamar waɗancan biyu. Abin da ya dogara da shi shi ne saiti da ɗan sauri da tashin ƙwallo, da kuma naci. A Delhi a watan Fabrairu na 1999 ya fitar da dukan mabuga goma na Pakistan a zagaye ɗaya a kan maki 74, abin da kafinsa Jim Laker na Ingila ne kaɗai ya taɓa yi, a 1956. A tsibirin Antigwa a 2002 ƙwallo ya karya masa muƙamuƙi, aka ɗaure masa kai da bandeji, ya komo ya yi zubi 14 a jere har ya fitar da Brian Lara.

Har ila yau, yawan mutanen da majefi ya fitar ya danganta da yawan wasannin da zamaninsa ya ba shi. Clarrie Grimmett na Ostareliya ya fitar da 216 a wasanni 37 kacal tsakanin 1925 da 1936, watau kusan mutum shida a kowane wasa. Da ya samu wasanni 145 irin na Warne, da lissafin ya sauya. Saboda haka alƙaluma suna nuna abin da gwani ya girba, amma ba su faɗin wanda ya ba shi gonar.

Waɗanda Suka Riƙa Miƙa Ƙwallo

A wasansa na farko, a Sidni a watan Janairu na 1992, 'yan Indiya sun daki Warne maki 150, mutum ɗaya tak ya fitar. Kyaftin da yawa da daga nan sun yi sallama da shi. Allan Border bai yi haka ba. A Kolombo a watan Agusta na wannan shekara, Siri Lanka tana dab da cin wasa, Border ya miƙa wa yaron ƙwallo, ya fitar da mutum ukun ƙarshe, Ostareliya ta tsira da maki 16. Ba don wannan amincewa ba, da babu jifan ƙarni a shekarar da ta biyo.

Jarrabawar Muralitharan ta fi wannan tsanani. Dokar wasa ta hana majefi miƙe gwiwar hannu a lokacin sakin ƙwallo, shi kuwa da lanƙwasasshiyar gwiwar hannu aka haife shi, ba ta miƙewa ɗungurungum, saboda haka jifansa yakan yi wa ido kama da haramtacce. Ran 26 ga Disamba 1995 a Melbon, alƙali Darrell Hair ya soke jifansa sau bakwai a gaban dubban 'yan kallo. A watan Janairu na 1999 a Adiled wani alƙalin, Ross Emerson, ya maimaita. Kyaftin Arjuna Ranatunga ya ja 'yan wasansa zuwa bakin fili, wasa ya tsaya, ya sayi hukunci da baƙin jini saboda majefinsa. Ranatunga ɗan ƙabilar Sinhala ne, Muralitharan kuwa Batamile, a daidai lokacin da ƙasarsu take cikin yaƙin basasa. Gwaje-gwajen masana daga bisani suka nuna cewa kusan kowane majefi yana ɗan miƙe hannu, har hukumar kurket ta duniya ta sa iyakar digiri 15 a 2005. Da Ranatunga ya yi shiru a 1995, da wuya a kai ga zancen 800.

Haka abin yake a Pakistan. A shekarun 1980, lokacin da duniya ta raja'a a kan masu ƙarfi, Imran Khan, wanda shi kansa mai jifan ƙarfi ne, ya dage a kan Abdul Qadir, mai murɗen wuyan hannu daga Lahor. Qadir ya fitar da mutum 236 a wasanni 67, shi ne kuma ya riƙe wannan fasaha da rai har Warne ya taso ya same ta.

Nawab na Pataudi

Duk da haka, babu kyaftin da ya jingina makomar ƙasarsa gaba ɗaya a kan masu murɗe kamar Mansur Ali Khan. An haife shi a Bhopal ran 5 ga Janairu 1941. Nawab sarauta ce ta Musulmin Indiya, Pataudi kuwa 'yar ƙaramar masarauta ce kusa da Delhi. Mahaifinsa, Iftikhar Ali Khan, ya buga wa Ingila a 1932, ya kuma jagoranci Indiya a 1946, sa'an nan ya rasu a filin ƙwallon dawaki a 1952, ranar da ɗan ya cika shekara 11. Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun san gidan ta wata fuska, domin Mansur shi ne mijin Sharmila Tagore, mahaifin Saif Ali Khan.

A watan Yuli na 1961, yana ɗalibi a Jami'ar Okusfod, ya yi haɗarin mota a Ingila, idonsa na dama ya lalace. Mabugi da ido yake auna nisan ƙwallo, saboda haka kowa ya ɗauka wasansa ya ƙare. Kafin shekarar ta fita ya buga wa Indiya wasan Tes na farko. A watan Maris na 1962, a tsibirin Barbados, ƙwallo ya fasa kan kyaftin Nari Contractor, sai aka ɗora wa Pataudi jagoranci yana ɗan shekara 21, kusan kowa a ƙungiyar ya girme shi.

Indiyar da ya gāda ba ta taɓa cin wasan Tes ko ɗaya a wajen ƙasarta ba, kuma ta saba da wasan kare kai, in an tashi kunnen doki a yi murna. Pataudi ya duba ya ga ƙasarsa ba ta da masu jifan ƙarfi, ya ga kuma kwaikwayon masu su ɓata lokaci ne. Sai ya yanke shawarar yaƙi da makamin da ke hannunsa, watau ya riƙa sa masu murɗe uku a wasa ɗaya. Ya dawo da Erapalli Prasanna, wanda ya shekara biyar rabonsa da wasan Tes saboda karatun injiniya. Ya rungumi Bhagwat Chandrasekhar, wanda shan-inna ta shanye masa hannun dama tun yana yaro, kuma da wannan hannu yake jifa. Ya ɗauko Bishan Singh Bedi, mai jifa da hagu, da Srinivas Venkataraghavan. Su huɗun nan sun fitar da mutum 853 a tsakaninsu: Bedi 266, Chandrasekhar 242, Prasanna 189, Venkataraghavan 156. Sau ɗaya tak aka sa su duka a wasa guda, a Bamingham a 1967, inda rashin masu ƙarfi ya sa har Budhi Kunderan, wanda sana'arsa tsaron bayan turaku ce, aka ba shi sabon ƙwallo ya buɗe jifa.

Mai murɗe yana bukatar mai cafewa kusa da mabugi, wurin da ƙwallo yake iya fasa wa mutum goshi. Pataudi ya ɗaga darajar tsaron fili, a zamaninsa ne kuma, a 1969, Eknath Solkar ya shigo, ɗan mai gyaran fili a wani kulob na Bombai, wanda ya cafe ƙwallo 53 a wasanni 27. Mai karatu ya dubi wannan haɗi: kyaftin Musulmi ɗan sarauta, Bedi mabiyin addinin Sikh daga Punjab, Prasanna da Chandrasekhar daga jihar Maisur, Venkataraghavan Batamile daga Madaras, Solkar ɗan talaka. Bedi ya sha faɗa har ƙarshen rayuwarsa cewa Pataudi ne ya fara sa su jin Indiya suke yi wa wasa, maimakon Bombai ko Madaras ko Delhi.

Sakamako ya fara bayyana a 1968, lokacin da Indiya ta ci Niyu Zilan a garin Dunedin, nasararta ta farko a waje, ta kuma lashe jerin wasannin da ci 3 da 1, Prasanna ya fitar da mutum 24. Amma gaba ɗaya lissafin Pataudi ba mai ƙayatarwa ba ne. Ya jagoranci wasanni 40 cikin 46 da ya buga, ya ci 9, an ci shi 19, an yi kunnen doki 12. A farkon 1971 shugaban masu zaɓen 'yan wasa, Vijay Merchant, ya kaɗa ƙuri'ar da ta sauke shi, aka naɗa Ajit Wadekar. A wannan shekara Indiya ta ci ƙungiyar tsibiran Karebiyan a gidanta, ta kuma ci Ingila a Landan, inda Chandrasekhar ya fitar da mutum shida a kan maki 38. Yabon gwani ya zama dole, Wadekar ya yi jagoranci nagari, amma da majefan da Pataudi ya raina ya ci yaƙin. A shekarar ce kuma gwamnatin Indiya ta soke sarautun gargajiya, watau Pataudi ya rasa rawani biyu a shekara guda.

An sake kiran sa a ƙarshen 1974 domin karawa da ƙungiyar Karebiyan ta Clive Lloyd. An ci Indiya wasanni biyun farko. A Kalkata, ran 1 ga Janairu 1975, baƙin suna neman maki 310, Lloyd ya yi ta dukan Chandrasekhar, 'yan kallo suka yi ta ihu a sauke shi. Pataudi ya yi kunnen uwar shegu da su, ya sake miƙa masa ƙwallo. Ba a jima ba Chandrasekhar ya kaɓe turakun Lloyd, ya kuma fitar da Alvin Kallicharran, Indiya ta ci da maki 85. Ta sake ci a Madaras da maki 100, kafin a ci ta wasan ƙarshe a Bombai, inda Pataudi ya yi ritaya. Abin da ya faru a Kalkata a wannan safiya ya tattara dukan abin da aka sani game da jagorancinsa. Mai haƙuri shi yake dafa dutse ya sha romonsa, amma a nan haƙurin na mutum biyu ne, wanda ake duka da wanda ake zagi saboda shi.

Pataudi ya rasu a Delhi ran 22 ga Satumba 2011. A 2007 an sa sunan gidansu a kofin da Ingila da Indiya suke takara a kansa a ƙasar Ingila, a 2025 kuma aka sauya wa kofin suna, aka bar lambar girma da sunan Pataudi ga kyaftin da ya yi nasara. Suna a jikin kofi ana iya goge shi. Abin da ya fi wuyar gogewa shi ne al'adar da ya dasa. Kumble a Bangalor ya taso, garin Prasanna da Chandrasekhar, bayansa kuma aka yi Ravichandran Ashwin na Madaras, wanda ya ajiye wasa a 2024 da mutum 537. Mabugan da suka gagari Warne da Muralitharan a filayen Indiya, a gaban magada waɗancan huɗun suka koyi sana'arsu.

Kammalawa

Idan aka tilasta wa marubuci ya yanke hukunci, sai ya ce Muralitharan ya fi kowa yawan girbi da ɗaukar kaya, Warne ya fi kowa dabara da sanin halin abokin gaba, Kumble kuwa ya fi su juriya. Amma tambayar da ta fi amfani ita ce, majefa nawa masu irin baiwarsu suka bace tun a wasansu na biyu saboda ba su samu Border ko Ranatunga ko Pataudi ba? Shugaban da ake auna shi da nasarar yau kaɗai ba zai taɓa rainon irin waɗannan ba, domin rainonsu hasara ce a farko.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a gare mu. Ba za a ce filin wasan Katsina ne kaɗai ya gina Sardauna ba, amma duk wanda ya dubi yadda ya haɗa Babarbare irin Kashim Ibrahim da Banufe irin Makaman Bida a tafiya ɗaya, da yadda ya tura samari aikin soja da aikin gwamnati tun ana cewa ba su nuna ba, da yadda ya kafa jami'a a Zariya a 1962 wadda bai rayu ya ga yawancin 'ya'yanta ba, zai ga kama da abin da aka bayyana a sama.

Kurket bai mutu a Nijeriya ba. Tun 1904 'yan Ikko suka kara da 'yan ƙasar da ake kira Gana a yau. Nijeriya ta shiga hukumar kurket ta duniya a 2002. Samarinta 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, ƙarƙashin kyaftin Sylvester Okpe, wanda shi ma mai murɗe ne. Matanta sun samo lambar tagulla a wasannin Afirka a Ankara a 2024, a watan Janairu na 2025 kuma 'yan matanta suka ci Niyu Zilan da maki 2 a gasar duniya a Malesiya. Filin kurket da ya fi shahara a ƙasar yana Ikko, yana ɗauke da sunan Tafawa Ɓalewa, ɗalibin Katsina, akwai kuma wani a harabar babban filin wasa na Abuja. Amma yaran da suke tasowa a Orozo da Karshi da Nyanya, balle na Katsina da Sakkwato, ƙwallon ƙafa kawai suka sani. Ga busasshiyar ƙasa irin wadda mai murɗe yake mafarki, ga yara masu yatsun murza katantanwa. Ya rage ga hukumomin ilimi na jihohin Arewa da tsofaffin ɗaliban Barewa su mai da wasan makarantun sakandare, su kuma nemo malaman wasa masu haƙurin da za su sake miƙa wa yaro ƙwallo bayan an dake shi. Allah ya sa mu dace.